Hoton da Babu Ni Ciki

"To ke ina kike?" Haka Hajiya Abu ta sake tambayata shekaranjiya a ajinmu na yaƙi da jahilci. Ta kai hoton har bakin hancinta, ta juya bayanshi kamar ta can zan ɓullo. Mutum goma sha bakwai ta ƙirga, babu ni. Tac ce, "Kin yi kwana biyu kan hanya, kin hau dutse da gwiwar da ba ta kai ki rijiya, kin komo da hoton mutane?" Ita ce ta tara da ta yi mini tambayar ga. Na gaji da amsa rabi-rabi. Malama tac ce tunda yanzu hannuna ya faɗa, in rubuta duka, ta karanta muku ran Laraba. Ranar ba ni zuwa aji, kada a aiko nemana.

Duk wanda ya san ni a Tambuwal ya san ɗiyana shida, ya kuma san guda ne ba ni faɗin sunanshi. Ɗan fari ne. Ko a takardar ga ba ni rubuta shi. Na-Kebbe nika ce mishi, don can anka kai shi wurin yayata ranar da anka yaye shi, can ya girma. Ku 'yan yanzu kun fara sakin abin, amma mu haka munka taras. Ɗan fari ba ka kiran shi, ba ka zama inda yake, ba ka ɗaga ido ka dube shi. In ya zo gaisuwar salla, bakin ƙofa shika durƙusawa bayan asabari, kanshi ƙasa, ni kuma in juya wajen bango in amsa a gajarce kamar wadda anka tasa daga barci. Shekara arba'in da 'yan kai muna haka. Na san muryarshi, na san takalmanshi, na san ƙeyarshi in zai fita. Fuska kuwa, da za mu gamu a kasuwa ya yi shiru, sai in sayi albasa hannunshi in wuce.

Abin bai taɓa damuna ba sai bana. Aikin safiyo, wato awon ƙasa, shika yi a Jos. Bayan ƙaramar salla matarshi Hajara ta rubuto wai gwamnati za ta tura shi karatu ƙasar Turawa, shekara ukku. Yanzu tunda man fetur ya fito, kowa gwamnati turawa take. Na taɓa haƙoran da sunka rage mini da harshe, na tuna shekara ukku, abin bai yi mini daɗi ba.

Wasiƙar farko da na rubuta da hannuna a duniya, wa Hajara na yi ta. Nic ce a aiko mini da hoton gida. Anka aiko: jikoki, Hajara, mota, sai hoton duwatsu har bakwai. Na sake rubutawa, nic ce mutanen gida duka nika nufi. Anka aiko jikoki kuma, anka ƙara da maigadi. Hajara ta yi bayani cewa shi ke ɗauka, shi ya sa ba shi fitowa. Ko da akwai nashi ma, yarinyar tana da tarbiyya, ba ta cusa wa uwar miji hoton ɗan fari. Ni kuma ba ni buɗe baki in roƙa. A ƙarshen takardar ta ƙara magana guda. Wai suna da ƙungiya, ma'aikata masu kyamara, duk wata sai sun hau dutse sun ɗauki hoto. Asabar ta ƙarshe kafin ya tashi za su taru can da iyalansu su yi mishi sallama. Shugabansu kuma, wani Malam Gyang, ya sawo kyamarar da ke tofo hoto nan take.

Na karanta wurin ga sau fuɗu. Sannan na fiƙe fensir na rubuta wasiƙa ukku. Guda ga Hajara: ina nan tafe ganin jikoki, a kuma gaya wa shugaban nan a ɗauki hoton kowa da kowa, kada a bar ko mutum guda. Guda ga Sanda, ƙanen marigayi maigidana, da ke da ƙaramar bas a Dogon Daji. Ta ukku ga Tumba a Fakku, taubashiyata, don na san in ban tafi da ita ba, ita za ta ƙirƙiro labarin tafiyar ta ba mutane. Tumba ba ta karatu, malamin makarantarsu ya karanta mata. Bayan kwana biyu sai ga ta da kwando da zabi biyu ciki.

"Kulu, malam ya ce in gaya miki rubutunki kamar kaji sun yi dambe cikin toka."

"Amma ai ga ki kin zo."

"Na zo in ga wanda za shi ɗauki hotonki kyamararshi ta ƙara aiki."

Ran Alhamis bayan sallar asuba munka tashi. Ni da gorar man shanu da ƙullin daddawa, Tumba da zabinta, sai fasinjan Gusau da Sanda ya cika baya da su. Ni na zauna gaba, don na gaya mishi tun farko allunan hanya zan karanta. Shekara sittin ina wuce su kamar jaka, yanzu sai na ji mi suke cewa. Matsalar ita ce Sanda gudu gare shi. In kama "Ba-r-ka da" sai in ga mun wuce. A Talata Mafara na sa shi ya koma da baya in ƙarasa wani dogon allo, ashe tallar maganin tsutsar ciki ce. Fasinja sunka yi ta gunaguni.

"Matar yaya, in haka za mu yi, sai yaron ya je Turai ya komo ba mu kai Gusau ba."

"Yayanka bai taɓa yi mini gardama a mota ba."

"Yayana jaki gare shi."

Muna wuce Gusau kaɗan sai ga dutsen Kwatarkwashi ya tare rabin sama. Tumba ta buga wa Sanda kafaɗa ta jawo kwandonta, wai mun iso. Da anka ce mata ko rabi ba mu yi ba, sai tac ce, "To wanga mi ya rasa? Ba dutse ba ne? A aika su zo nan mana."

Bayan Tsafe munka kai iyakar jiha. Ni na zaci ganuwa ce ko kogi. Ashe allo ne guda da ganga biyu da katako bisa, gonar dawa nan, gonar dawa can. Wanga allon kam na karance shi tsaf, don dole mota ta tsaya. Ɗan sanda ya leƙo.

"Su Inna ina zuwa?"

Tumba tac ce, "Ɗaukar hoto."

"Babu mai hoto a Sakkwato ne?"

"Akwai. Wai sai bisa dutse."

"Ai kun baro dutse a Kwatarkwashi."

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Faɗa mata."

Yac ce mi ke cikin kwando. Tumba tac ce zabi, kada ya buɗe. Ya buɗe. Guda ya tashi fir ta gefen hularshi, ya tsallake katakon nan, ya riga mu shiga jihar Kaduna babu mai tambayar shi takarda. Ɗan sandan ya bi shi cikin dawa da bindiga a kafaɗa, ya komo da ƙaya a wando, babu zabo. Kunya ta sa ya ɗage mana katako ba tare da ya duba sauran kaya ba.

Daga Gusau mu ukku munka rage a motar. Wajen Funtuwa Sanda ya sauka neman ruwan zuba wa inji, Tumba ta matso da bakinta kusa da kunnena.

"Jikoki ko? Ke da kinka ce in sun zo salla kanki ciwo shika yi."

Nic ce mata iska na shigowa, ta rufe gilashi.

"Kulu, ni na riƙe miki kafaɗa ranar da kinka haife shi. Ko ranar nan bango kinka duba. Yanzu da furfura za ki fara rashin kunya?"

"Takarda zan duba, ba mutum ba."

Ta daɗe tana kallona. Na jira dariyar, don Tumba ba ta ƙyale abu irin wanga. Sai tac ce, "Kunnuwan ubanshi gare shi. In faɗa miki tun yanzu kada ki firgita."

A Zariya munka kwana, gidan wani abokin Sanda. Mutanen kirki, amma ɗakin baƙinsu bisa bene yake. Tumba ta tambayi wa ke ƙasa, anka ce maigidan. Tac ce ita ba ta kwana bisa kan maigida, ta shimfiɗa tabarmarta ƙarƙashin matakala tare da zabon da ya rage. Tuwonsu malmala ƙanana kamar ƙwan agwagwa, sai da na ci biyar ina jin kunyar miƙa hannu. Matar gidan kuma duk maganar da na yi sai tac ce in sake, ta kira 'yan'uwanta su ji. Nic ce mata mu ma in Bazazzagi ya zo Tambuwal muna da abin da muke ji, ba dai mu tara mutane.

Ran Juma'a bayan Saminaka hanya ta fara hawa. Mota na kuka, Sanda na lallashinta kamar amarya. Can Tumba ta kama hannuna tana magana da ƙarfi, wai ta kurumce, a mai da ita Fakku ta mutu cikin danginta. Ni ma nawa kunnuwan sun toshe amma na ƙi faɗi. Sanda yac ce mu haɗiye miyau. Munka haɗiye, sunka buɗe. Tumba tac ce da ma ta sani.

Ƙasar ba irin tamu ba ce. Mu nan in mutum ya taso daga gona, kina ganin shi tun kina iya dama mishi fura kafin ya iso. Can mutum na gabanki, ki sunkuya ki gyara takalmi, ya ɓace bayan dutse. Duwatsun kuma an ɗora wani bisa wani kamar jeren ƙorai a ɗakin amarya. Ba su yin darni da kara, wani icce mai ƙaya da nono suke shukawa ya kewaye gida. Gabas ma ɓace mini ta yi, sai da na tambaya kafin in yi azahar. Sanyi kuwa, damina ce fa, amma haƙoran nan nawa da sunka rage sai da sunka yi ta gaisawa da juna. Hajara ta sa mini suwaita da safa irin ta 'yan ƙwallo. Na sa Tumba ta rantse cewa labarin ga ba shi zuwa Fakku, ga shi ni da kaina na rubuta.

Gidan nasu gidan gwamnati ne, wanda ya gina shi bai san kunya ba. Babu zaure, babu asabari, falo guda da kujeru suna kallon juna. Da munka iso shi ba shi nan, na san da gangan ya fita. Da la'asar na ji takalmanshi. Ya zagaya ta baya, ya durƙusa bakin ƙofar kicin ya gaishe ni daga can. Na juya wajen bango yadda na saba. Bangon duk hotuna ne, kuma duk duwatsu. Anka kawo dankalin Turawa da ƙwai, anka kawo gwaten acca, wata tsaba ƙanana kamar yashi da ganye ciki. Tumba tac ce abincin marasa lafiya ne, ta ci kwano biyu.

Asabar da hantsi munka fita da mota biyar. A gindin dutsen na ga ƙungiyar. Maza goma sha ɗaya, manya da gemu da tumbi, kowa da kyamara rataye a wuya kamar laya. Akwai Bayarabe, akwai Inyamuri, akwai 'yan ƙasar. Malam Gyang dogo ne mai yawan dariya, ya zo da takardar tsarin wurin da za a tsaya da lokacin da rana ke faɗowa daidai. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausa mai kyau, yac ce saƙona ya iso, yau ko ƙadangare ya zo wucewa sai an ɗauke shi.

Ya zo da uwarshi, Ngo suke ce mata, tsohuwa sa'ata, gajeruwa, ƙafa kamar ta akuya wurin hawa. Abin da na gani wurinta ban taɓa gani ba. Gyang ɗan farinta ne, ita ta gaya mini da bakinta. Amma tana tsakiyar mutane ta ƙwala mishi kira da sunanshi, ya zo, ta jawo kanshi ƙasa ta cire mishi wani haki a gashi, ta dubi cikin idonshi tac ce ya rame. Tumba ta taɓa ni da gwiwar hannu. Nic ce a hankali, "Allah shi kyauta." Haka na faɗa. Abin da na ji a ciki daban ne.

Hawan bai kai yadda Hajiya Abu ke zato ba, amma ya ishe ni. Tumba gaba, Ngo gabanta, ni ina bi da sanda da butata. Bayana ina jin takalma guda biyu. In na tsaya su tsaya, in na taka su taka, ba su taɓa wuce ni ba. Wani wuri dutsen ya yi santsi, ƙafata ta zame, sai na ji hannu ya tare mini gwiwar hannu. Ya riƙe har na daidaita, ya saki. Ban waiwaya ba. Hannun yana da kaushi, ban zaci haka ga mai aikin ofis ba.

Da munka kai bisa, mutanen nan sunka watse. Wanga ya kwanta rub da ciki, wancan ya hau icce, duk dutse suke ɗauka. Nic ce da Gyang, "Ɗana, dutsen ga za shi wani wuri ne?" Yac ce a'a Mama. Nic ce, "To mu da ke tafiya mu ya kamata a fara da mu." Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai bari ba. Ina zaune ina kallon kyamarar nan mai tofi tana tofo dutse bayan dutse. Sai da hadari ya taso daga gabas sannan ya tafa hannu yac ce a taru. Ya duba cikinta yac ce saura ukku.

Ya fara jera mutane, dogaye baya, yara gaba. Ya karɓe aikin ɗauka da kanshi don Na-Kebbe ya shiga. Sannan ya share wani dutse a tsakiya da hankici yac ce, "Mama nan, ɗanki kuma ya zauna kusa da ke, ki ɗora mishi hannu a kafaɗa."

Hajara ta dubi ƙasa. Sanda ya kama tari. Tumba ta cusa bakin gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Nic ce gwiwata ba ta son tsakiya, na je can ƙarshen layi na zauna. Shi kuma ya koma layin baya, ɗaya ƙarshen. Gyang ya ɗaga kafaɗa ya danna.

Takardar ta fito fara fat, anka kewaye ta, mutane sunka fara fitowa a hankali kamar ana tasowa daga ruwa. Ban je ba, Tumba na aika. Ta komo tac ce, "Ke kin ba mutane kunne, kina kallon Bauci. Shi kuma hula ce kawai. Hula mai kyau dai."

Kanshi ya sunkuyar. To mi za shi yi? Uwarshi na wurin.

Gyang yac ce a sake. Ya kira shi da sunan nan da ba ni faɗi, yac ce ya ɗaga kai, shi da ke koya wa mutane tsayuwa gaban kyamara. Ni ma na daure na fuskanci gaba. Anka ƙirga ɗaya, biyu, anka danna. Tumba ta je ta komo, wannan karon ba ta dariya sosai.

"Ya ɗaga kai."

"To?"

"Ya ɗaga kyamararshi kuma. Ta rufe daga goshi har haɓa. Kunnuwan dai sun fito."

Iska ta fara kaɗa gyale, ɗigon farko ya faɗo mini a hannu. Gyang ya fara jin haushi, yana faɗa da Turanci. Saura guda. Na zauna na duba abin. Yaron ga ba taurin kai shika yi ba. Abin da anka koya mishi a Kebbe shika yi, ni ma da ya yi wani abu daban da na ce yayata ba ta iya reno ba. Ko takarda ɗari ke cikin kyamarar nan, muddin ina wurin, hula za ni kai gida.

Na ɗauki butata na miƙe. Gyang yac ce Mama ina zuwa, ruwa na tafe. Nic ce uzurin tsofaffi ba shi jira, su ɗauka kawai, ni na riga na fito sau biyu. Da na zo wuce Tumba ta kama bakin zanena tac ce a hankali, "Tafi. Ni na tsare miki shi."

Na zagaya bayan wani ƙaton dutse na zauna a ƙasa da buta a hannu. Ban daɗe ba sai ga Ngo ta biyo ni, ta tsuguna gabana tana kallona kamar mai duba mara lafiya.

"Ke ba ki son ɗanki?"

"Kwana biyu na yi a mota."

"To me ya sa ba ki duba shi?"

"Haka muke yi."

"Shi ma ba ya duba ki."

"Yaron kirki ne."

Ta girgiza kai tac ce Hausawa akwai wahalar da kai. Nic ce ku kuma akwai cire wa ƙato haki a gashi. Ta yi dariya, ta rarrafa ta leƙa ta gefen dutsen ta fara ba ni labari kamar rediyo. Ya sauke kyamara. Yana waige-waige. Ƙawarki ta tashi tsaye. Daga nan ni ma na ji muryar Tumba, don muryarta ba ta buƙatar ɗan aike. Labarin zabon iyaka take ba su, tana kwaikwayon ɗan sanda da bindiga cikin dawa. Na ji mutane sun fashe. Cikin dariyar akwai wata da ban taɓa ji ba, mai kauri, tana yankewa a tsakiya kamar ta marigayi. Shekara arba'in ban san yana dariya haka ba, gaisuwa kawai na sani.

Ngo tac ce, "Ya ɗaga kai. An danna."

Ruwa ya sauko. Munka gangaro a jiƙe, takalman nan biyu na bayana har gindin dutse. A bakin mota Gyang ya fiddo hoton daga cikin rigarshi ya miƙa wa Na-Kebbe, yac ce nashi ne, ya tafi da shi Turai. Ina tsaye na ba su baya, amma kunnena na wurin. Na ji yac ce, ba da kowa ba, kamar da iska shika magana, "A ba masu nisa." Ya ba Hajara. Hajara ta ba Sanda. Sanda ya ba Tumba. Tumba ta cusa shi cikin littafina na aji ta rufe, babu wanda ya dubi wani.

Ban buɗe ba ranar. Ban buɗe ba a gidanshi, bai dace ba. Lahadi da safe ya zo ƙofar kicin ya yi sallama, na juya wajen duwatsun bango nic ce Allah shi kai lafiya, shi maido lafiya. Na ƙara da cewa a riƙa sa suwaita. Wagga ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi mishi.

Sai da munka gangaro munka wuce Saminaka. Tumba ta jingina kai da gilashi ta rufe ido tana wani minshari na ƙarya. Sanda ya kafa ido a hanya kamar yau ya fara tuƙi. Na buɗe littafin.

Ku da kunka ga hoton kun san shi, na ukku daga dama a layin baya. Ni sai da na bi da yatsa. Kunnuwan na fara ganewa, Tumba ba ta yi ƙarya ba. Akwai wushirya irin tawa ta da. Akwai furfura a gefen kai, wa ya ba shi izinin yin furfura? Baki buɗe yana dariya, amma duk sauran mutane kyamara suke kallo, shi idonshi na gefe, wajen dutsen hagu. Ku duba gindin dutsen nan da kyau, Hajiya Abu, za ki ga wani abu baƙi ya ɗan leƙo. Bakin butata ne. Nan nike.

Bisa girarshi ta dama kuma akwai tabo, dogo, tsoho.

Nic ce, "Wanga tabon fa?"

Tumba, ido rufe, tac ce, "Jaki ya kada shi a Kebbe yana shekara bakwai. Kwana ukku yana kiran Inna. Yayarki ta hana a gaya miki."

Mota ta yi ta tafiya. Can Sanda ya rage gudu yac ce, "Matar yaya, ga wani dogon allo nan tafe. In tsaya?"

Nic ce, "Wuce. Ban ƙare wanga ba."